Idan farfesan halittun ruwa ya yi ritaya, wa zai ci gaba da auna kogin Haɗejiya?

Tun 2012 doka ta tsayar da shekara 70 a matsayin lokacin ritayar farfesa a jami'o'in Najeriya. Ke nan malaman da ke ajiye aiki a 'yan shekarun nan sun shiga jami'a suna ɗalibai wajen tsakiyar shekarun 1970, daidai lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. A fannin nazarin halittun ruwa wannan babban al'amari ne, domin waɗanda suka taso a ƙasar Kano da Jigawa daga cikinsu su ne rukuni na ƙarshe da suka ga kogin Haɗejiya yana tumbatsa da damina, yana ƙafewa ƙaf da rani, kafin hannun ɗan Adam ya sauya masa tafiya.

Mutanen bakin kogi sun san irin wannan malami ko da ba su san sunan aikinsa ba. Shi ne mai zuwa mashaya da asuba da ɗalibai biyu ko uku da kwalabe a cikin kula, ya ɗauki hayar kwale-kwale, ya sayi ƙananan kifin da ba mai kula su, ya auna tsawonsu, ya farke cikinsu ya ga abin da suka ci. Yana bin alaƙar da ke tsakanin ruwa da duk abin da ke rayuwa a cikinsa ne, tun daga gansakukar da sai da madubin likita ake ganinta har zuwa giwan ruwa. Mafi darajar abin da yake tarawa shi ne jerin awo: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, hanya ɗaya, shekara bayan shekara. Wannan jerin ne ke saurin yankewa ranar da ya miƙa makullin ofis.

Sai an san yadda kogin yake kafin a gane dalilin. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗejiya. Ya bi ta Ringim, ya wuce garin Haɗejiya, sannan ya rarrabu cikin fadamun Kirikasamma da Guri: reshen Marma ya nufi tafkin Nguru, ga Burum Gana, ga kuma tsohuwar hanyar kogin. Can wajen Gashuwa ruwan yake haɗuwa da na kogin Jama'are, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Jos, su zama kogin Yobe. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970 ambaliyar damina takan rufe hekta dubu 250 zuwa dubu 300 a waɗannan fadamu. Daga baya ta koma tsakanin dubu 70 da dubu 100, a farin 1984 ma ba ta kai dubu 30 ba. Adalci shi ne a ce fari yana da nasa kason a wannan raguwa, madatsu ma suna da nasu. Tiga an gina ta ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, madatsar Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, tana riƙe sama da miliyan 900.

Amma abin da masana suka daɗe suna nanatawa, kuma har yau bai shiga kunnen masu yanke hukunci yadda ya kamata ba, shi ne lokacin zuwan ruwa ya fi yawansa tasiri. Madatsa takan tare babban ruwan Agusta, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani saboda ruwan shan birnin Kano, da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, da kuma na kwarin Haɗejiya a yankin Auyo. Abu biyu suka faru lokaci guda. Ruwa mai ƙarfin da ke wanke laka da ciyayi daga hanyoyin kogi duk shekara ya yi rauni. Sannan hanyoyin da a da suke bushewa wata uku ko huɗu suka daina bushewa. Wadda ta fi kowa cin ribar wannan sauyi ita ce kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa a cikin ruwa.

Kachalla ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, tana nan tun fil azal a gefen tafkuna, rani ne ke taka mata birki. Abin da take so ruwa ne marar zurfi, wanda bai cika wuce mita ɗaya ba, mai tafiyar hawainiya, wanda ba ya ƙafewa. Zangarniya guda tana ɗauke da iri sama da dubu 100, iska ke kwasarsa, kuma yana tsirowa a kan jiƙaƙƙiyar laka idan ya samu hasken rana. Da ta kafu kuwa ba ta ƙara dogaro da iri: saiwarta mai kauri tana rarrafe a cikin laka tana fitar da sababbin tsirrai, har ta haɗe wuri ta kai tsayin da ya wuce mutum nesa.

Daga nan sai matsala ta riƙa haihuwar 'yar'uwarta. Kachalla ta rage gudun ruwa, ruwa mai tafiya a hankali ya zubar da lakar da ya ɗauko, ƙasan kogi ya tashi, zurfi ya ragu, kachalla ta ƙara samun wurin zama. Ruwan da ya rasa hanya sai ya fasa gefe. Shi ya sa za ka tarar da gonakin da ke bakin Marma sun shekara da shekaru a ƙarƙashin ruwa, alhali ƙauyukan da ke kan wasu rassan suna kukan ruwa bai iso musu ba. Ambaliya da ƙishirwa a kogi ɗaya, a shekara ɗaya. A cikin duhun kachallar kuma tsuntsayen jan baki ke kwana su wayi gari a gonar shinkafa da dawa, sauro ya samu mafaka, kwale-kwale ya rasa hanyar wucewa. Kogin Senegal ya ga irin wannan bayan an gina madatsar Diama a 1986, abin da ke nuna cewa tsarin ruwan ne musabbabi.

Yadda ake yaƙarta ma daga binciken irin waɗannan malamai ya fito. Lakar da saiwar kachalla ke ciki ba ta da iska, don haka ganye da kara ne ke tura mata iskar oksijin ta wasu ƙananan ramuka da ke cikinsu, kamar mai nutso da ya bar bakin bututu a saman ruwa yana numfashi. Idan aka sare ta a saman ruwa, an yi mata aski ne kawai, cikin 'yan makonni za ta dawo. Sai an sare ta a ƙarƙashin ruwa, a bar aƙalla santimita 15 zuwa 20 na ruwa a kan kututturen, sannan saiwar ke shaƙewa. Ko busasshen karan bara idan aka bar shi a tsaye yana kai iska ƙasa, shi ma dole a sare shi. Sara ɗaya ba ya isa, ana maimaitawa sau biyu ko uku a kaka guda, da zarar sabon toho ya leƙo saman ruwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da take fitar da kai, domin a lokacin abincin da ta ajiye a saiwa ya yi ƙasa.

Wuraren da aikin gayya ke lalacewa sanannu ne. An sare, sai ruwa ya janye bayan mako guda, kututture ya fito fili ya shaƙi iska, wahala ta tashi a banza. Ko a bar abin da aka sare yana yawo a ruwa, ya ruɓe, ya cinye oksijin ɗin da kifi ke buƙata, ya kuma je ya toshe wata mashigar. Ko a fara sharewa daga sama alhali ƙasa a toshe take, ruwan da aka buɗe wa hanya ya afka wa ƙauyen da ke tsakiya. Daga ƙasa ake farawa a hauro. Ƙonawa da rani tana share ido kawai, wuta ba ta kai wa saiwa, tokar ma taki ce. Injin haƙa mai tafiya a kan ruwa yana tumɓuke saiwar gaba ɗaya, amma idan aka jibge lakar a leɓen kogi, ruwan sama na farko zai mayar da ita inda ta fito. Kuma duk wannan, muddin ba a bar hanyar ruwan ta bushe na wani lokaci a shekara ba, kachalla za ta dawo. An yi gwaje-gwajen mayar da ita abincin dabbobi da gawayi da iskar girki, abu ne mai kyau don yana ba masu sara lada, sai dai bai taɓa tushen matsalar ba.

Ɓangaren kifi ya fi wuyar aunawa. Yawancin kifin kogunanmu suna jiran ruwa ya hau ne su fita daga kwarin kogi su shiga ciyawar da ambaliya ta rufe, a can suke zuba ƙwai, a can 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya. Bincike a kan kogunan Afirka masu fadama ya nuna kamun bana yana bin faɗin ambaliyar bara da ta bara waccan, kuma hektar fadama ɗaya takan ba da kilo 40 zuwa 60 na kifi a shekara. Wanda ya auna shekara ɗaya tak ba zai taɓa ganin wannan alaƙa ba. Haka nan sauyin nau'in kifi a hankali yake zuwa. Tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iskar sama, don haka ruwan kachalla marar oksijin bai dame su sosai ba. Giwan ruwa da tsage suna buƙatar buɗaɗɗen ruwa mai iska, su ne ke fara ɓacewa. Karfasa kuwa idan kamu ya yi mata yawa sai ta fara haihuwa tun tana ƙarama, kwando ya cika da kifi amma babu na kirki. Masunci zai ce kifi ya ƙanƙance, kuma gaskiya ya faɗa, aikin mai bincike shi ne ya sa lamba a kan maganar.

Ba a kasuwa ake wannan ƙidaya ba. Kifin da ke kasuwar Haɗejiya daga wurare da dama yake zuwa, har da na kiwo, don haka yawansa ba ya faɗin halin da kogin ke ciki. A mashayar da masunta ke sauka ake tsayawa, a rubuta kilo nawa kowane jirgi ya kawo, da wane irin kayan kamu, cikin awa nawa. Kamun kalli daban, na birgi daban, na gura, wato tarkon kifi, daban, na ƙugiya daban. Idan jimillar kifi ta tsaya yadda take amma jirage sun ninka, to kifin raguwa yake yi. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, amma kowa ya san har gidan sauro ana ja a ruwa, kuma dumba, wato jera gura a tare hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, tana kama kifin da ke komawa kogi kafin ya girma. A nan maganar sarkin ruwa ta fi ta takarda tasiri, kuma malamin da ya daɗe a fagen ya san haka.

Awon ruwan kansa yana da ƙa'idojin da ake koya da hannu. Ɗauki oksijin. Kifi yana walwala idan ya kai miligiram 5 a lita, idan ya faɗo ƙasa da 2 yawancin kifi suna cikin haɗari. Ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9, mai digiri 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba, shi ya sa bazara ta fi haɗari. Da rana gansakuka na samar da oksijin, da dare ita da komai na cikin ruwa suna shaƙe shi. Tafkin da ya nuna 10 da la'asar yana iya nuna 1 da asuba. Ɗalibin da ya iso bakin ruwa da hantsi saboda motar haya ta makara zai rubuta cewa ruwa lafiya lau, alhali kifi ya kwana yana haki a sama. Ruwa ba ya tsami banza: duk safiyar da aka ga kifi ya taso matacce akwai dalili, ko dai oksijin ya ƙare cikin dare, ko an wanke tankin feshi a mashaya, domin magungunan ƙwari irin su cypermethrin ɗan kaɗan ɗinsu ke kashe kifi, ko kuma sanyin hunturu ya sanyaya saman ruwa mai zurfi ya juyo da na ƙasa marar iska. Kowanne da alamarsa, kuma cikin 'yan awoyi alamar ke gushewa.

Tsohuwar hanyar auna oksijin da ake kira Winkler har yanzu ita ce ma'aunin da ake gwada na'ura da shi. Ana cika kwalbar gilashi mai murfin gilashi a ƙarƙashin ruwa ba tare da ƙwayar kumfa ko ɗaya ba, a zuba wasu sinadarai biyu nan take a cikin jirgi don su kama oksijin ɗin, sannan a ƙarasa a ɗakin gwaji. Kumfa ɗaya ya isa ya ɓata sakamako. Na'urar zamani ta fi sauri, amma idan ba a daidaita ta kafin a fita ba, za ta ba da lamba mai kyan gani wadda ba gaskiya ba ce. Faifan Secchi, mai faɗin santimita 20 da fentin fari da baƙi, ana zura shi a ruwa har ya ɓace wa ido a auna zurfin. Lambar ita kaɗai ba ta wadatar, sai an rubuta launin ruwan, domin santimita 25 a jan ruwan damina laka ce, santimita 25 a koren ruwan rani gansakuka ce, ma'anarsu ba ɗaya ba.

Kwalbar ruwa tana faɗin halin da ake ciki a minti ɗin da aka ɗebe ta ne kawai. Ƙwarin da ke zaune a laka su ke riƙe labarin watanni. Ana ɗebo lakar, a tace ta da rariya mai ido rabin milimita, a adana abin da ya rage a sinadarin ethanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Idan aka tarar da jajayen tsutsotsi birjik babu wani abu, ruwan ya daɗe yana fama da ƙazanta ko da ranar ya yi garau. Wannan yana da muhimmanci a ƙauyukan da ke ƙasa da masana'antun Kano: ruwan majemun Challawa da Sharaɗa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin Jakara zuwa madatsar Wasai a Minjibir, inda ake noman rani da su. Ƙarfen kuromiyam da majema ke amfani da shi yakan kwanta a laka fiye da yadda yake zama a ruwa, don haka wanda ya auna ruwa kaɗai zai raina matsalar. Samfurin da za a nemi ƙarfe a cikinsa kuma sai an ɗiga masa asid tun a bakin kogi, in ba haka ba ƙarfen zai manne a jikin kwalba.

Akwai kuma dodon koɗi. Ƙaramin nan da ake kira Bulinus shi ke ɗaukar ƙwayar tsargiya, kuma magudanan noman rani da gindin kachalla gidansa ne. Ana kamfatarsa na tsawon minti 15 ko 20 a kowane wuri, lokacin ba ya canzawa don a iya kwatantawa, a sa kowanne a ɗan kofin ruwa a hasken rana a ga ko zai saki ƙwayar cutar. Da tsakar rana ƙwayoyin suka fi fita, daidai lokacin da yara ke wanka. Maganin praziquantel yana warkarwa, amma yaron da ya koma ruwan zai sake kamuwa, haka ma mai saran kachalla da ke wuni tsamo-tsamo a ciki.

Irin wannan ilmi ya taɓa yin tasiri. Shirin kare fadamun Haɗejiya da Nguru da aka fara a 1987 ya tara bayanan faɗin ambaliya da ƙidayar tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu. Nazarin tattalin arziƙi da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa kowane ma'aunin ruwa da aka bari ya isa fadama yana samar da amfanin da ya zarce wanda yake samarwa a babban aikin noman rani na sama, idan aka haɗa noma da kamun kifi da itace. Daga nan shawarar sakin ambaliya da gangan daga madatsu a tsakiyar damina ta samu ƙarfi. A 2000 tafkin Nguru da reshen Marma suka shiga jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya, fadamar Baturiya ta bi a 2008. Hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, mai riƙe da makullin madatsun, tana tsakanin buƙatu masu karo da juna, kuma manomin tumatir na Kura yana da haƙƙi kamar yadda masuncin Guri yake da shi. Ba a raba irin wannan gardama sai da lambobi masu dogon tarihi.

To me ke salwanta idan malamin ya tafi? Yawancin binciken ɗalibai wata shida ne zuwa shekara ɗaya, kowa da wurin da ya zaɓa da na'urar da ya samu. Farfesan ne zaren da ya ɗinke su, shi ya san cewa "tasha ta uku" a kundin wani ɗalibi ita ce gindin gadar da wani ya kira da wani suna bayan shekara goma. Littattafan fagensa suna cikin kwali. Kifayen da ya adana a kwalabe, idan ba a ƙara musu sinadari ba, bushewa suke yi, takardar da aka rubuta da biro maimakon fensir kuma ta goge a ciki. Hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat, da suka faro tun 1972 kuma aka buɗe su kyauta a 2008, suna nuna faɗin ruwa da yaɗuwar kachalla, amma ba sa nuna oksijin ɗin asuba ko girman karfasa.

Jami'ar Bayero, da ta Wudil, da ta Tarayya da ke Dutse, da ta Sule Lamido a Kafin Hausa duk suna kusa da wannan kogi, kuma abin da ake buƙata bai fi ƙarfin sashe ɗaya ba. A ɗauki lambar taswirar kowace tashar awo da na'urar GPS tun malamin yana nan da zai nuna wurin da ƙafarsa. A ɗauki hoton kowane shafi na littattafan fage, a shigar da ɗanyen lambobin a kwamfuta, ba matsakaicin da aka buga a mujalla kaɗai ba. A zaɓi tashoshi ko da biyar ne tsakanin Wudil da Guri, a riƙa zuwa sau ɗaya a wata da asuba. A kai magajin gaban sarakunan ruwa da masu unguwanni a gabatar da shi, domin masunci ba ya buɗe kwandonsa ga wanda bai sani ba. Idan kuma za a sauya na'ura ko hanyar awo, a yi shekara guda cur, damina da rani, ana auna ruwa ɗaya da tsohuwar hanya da sabuwa a jere, don a san bambancin da ke tsakaninsu. Wannan shekarar dole ta faɗo kafin ranar ritaya, don haka sashen da farfesansa ya kai 68 ya kamata a ce ya riga ya fara.